Kwalbar Bitamin Ba Ta Mayar wa Tsoho Tsokarsa

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, idan ɗa ya samu abin hannu, ɗaya daga cikin alamun farko da ake gani shi ne kwalabe jere a kan tagar ɗakin mahaifiyarsa. Wata daga Makka aka zo da ita, wata ƙanin da ke karatu a Ingila ne ya aiko, wata kuma mai kemis na bakin titi ne ya rantse babu kamarta wajen ƙara ƙarfi. Masu sayen da zuciya ɗaya suke yi. Sun ga Inna ta fara dafa bango kafin ta miƙe, sun ga Baba ya koma sallah a zaune, zoben da ya shekara talatin a yatsarsa ya fara zamewa, sai suka yi abin da kuɗi zai iya yi cikin gaggawa. Abin tambaya shi ne ko abin da ke cikin kwalbar yana isa inda matsalar take. Manyan binciken da aka yi a shekaru talatin ɗin nan sun nuna cewa a mafi yawan lokuta ba ya isa.

Kafin a zo kan bitamin, sai an fara sanin abin da tsufa ke yi wa jiki, domin sikeli ba ya faɗa. A 2004 mujallar likitanci ta Lancet ta buga hoton wasu likitoci biyu abokan juna, John Yudkin na Landan da Chittaranjan Yajnik na birnin Pune a Indiya. Bisa lissafin da ake yi da nauyi da tsawo, su biyun makinsu ɗaya ne, 22.3, wato babu mai ƙiba a cikinsu. Da aka sa su a na'urar da ke rarrabe kitse da tsoka da ƙashi, sai aka ga kitsen jikin Yudkin kashi 9.1 cikin ɗari ne, na Yajnik kuwa kashi 21.2. Yudkin mai gudun yada-ƙanin-wani ne. Yajnik kuma, kamar yadda aka rubuta a ƙarƙashin hoton cikin raha, babban motsa jikinsa shi ne gudun da yake yi da safe don kada ƙofar lif ɗin asibiti ta rufe ta bar shi.

Irin wannan bambanci yana faruwa a jikin mutum ɗaya idan shekaru suka ja. Daga kimanin shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Kitse ne ke maye gurbin da ta bari: ya taru a tumbi, ya kewaye hanji da hanta, har ya kutsa cikin tsokar da ta rage. Alhajin da nauyinsa kilo 70 ne yana ɗan arba'in, kuma har yau kilo 70 ne yana ɗan saba'in, zai iya alfahari cewa bai canza ba, alhali cinyoyinsa sun zube, teɓarsa ta ƙaru. Babbar riga tana rufe wannan tsaf. Iyali ba sa ganewa sai ranar da aka kwantar da shi a asibiti aka ga ƙafafun.

A 1989 wani likita a Jami'ar Tufts da ke Boston, Irwin Rosenberg, ya ba wannan zubewar tsoka suna, sakofeniya, don likitoci su daina wuce ta kamar ba komai ba. A 2016 aka ba ta lamba a kundin cututtuka na Amurka. A nan gida har yanzu amsar da aka fi ji ita ce, “Jikin tsufa ne, sai haƙuri.” Haƙuri abu ne mai kyau, amma tsoka tana da aikin da ya wuce ɗaukar kaya. Ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, don haka raguwarta na buɗe wa ciwon suga ƙofa. Ita ce ajiyar da jiki ke ci idan rashin lafiya ta kwantar da mutum. Ita ce kuma ke tare tsoho idan santsi ya kwashe shi a makewayi. A ƙasashen da ake ajiye lissafi, kusan ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a ƙashin kwatangwalo ba sa cika shekara a raye.

To daga ina aka samo cewa bitamin ne maganin wannan? Ba daga iska ba. Masu bincike sun daɗe suna lura cewa tsofaffi masu rauni da masu teɓa sukan kasance da ƙarancin bitamin D a jininsu. A 2020 kuma masana a Jami'ar East Anglia ta Ingila suka duba bayanan mutum kimanin 13,000 na yankin Norfolk, masu shekaru 42 zuwa 82, suka ga waɗanda suka fi samun bitamin C sun fi sauran tsoka. Jaridu suka ɗauka, masu sayar da ƙwayoyi suka ƙara gishiri.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nuna wanda ya haifi wani. Tsohon da ke cin gwaba da lemo da ganye kullum, galibi shi ne mai haƙoran tauna, mai kuɗin cefane, mai ƙafar zuwa kasuwa. Wataƙila bitamin ɗin ne ya taimaki tsokarsa, wataƙila kuma lafiyar da yake da ita ce ta kai shi ga bitamin ɗin. A batun bitamin D ma an kusa warware gardamar. Bitamin ne da ke narkewa a cikin kitse, saboda haka mai ƙiba kitsensa ke tsotse shi ya ɓoye, sai a ga ya yi kaɗan a jini. Wani nazarin ƙwayoyin gado da aka buga a 2013, wanda ya haɗa mutum sama da 42,000, ya nuna cewa ƙiba ce ke jawo ƙarancin bitamin D, ƙarancin nasa kuwa ba a ga yana jawo ƙiba ba. Haka shi ma tsohon da ƙafa ta gaza: yana wuni a ɗaki ba ya ganin rana, bitamin ɗinsa ya sauka. Raunin ne ya riga zuwa.

Hanya ɗaya ce ta raba gardama irin wannan: a tara mutane da yawa, a raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rabi bitamin na gaske, a ba rabi ƙwayar da babu komai a cikinta, kada kowa ya san wadda yake sha, sannan a jira shekaru. An yi hakan. Mafi girma a ciki shi ne gwajin VITAL na Amurka, wanda Farfesa JoAnn Manson ta jagoranta a Boston. Mutum 25,871 ne, maza daga shekara 50, mata daga 55, rabinsu suna shan bitamin D mai ƙarfin IU 2,000 kullum har sama da shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna raguwar kamuwa da ciwon daji ko ciwon zuciya ba. A 2022 aka fitar da na karaya: babu bambanci. A tsakanin nan, a 2021, aka buga sakamakon mutum 771 daga cikinsu da aka riƙa sawa a na'urar auna kitse da tsoka. Bayan shekara biyu, nauyinsu da kitsensu da tsokarsu duk ba su bambanta da na masu shan ƙwayar banza ba. A Turai ma an bi mutum 2,157 masu shekara 70 zuwa sama a ƙasashe biyar na tsawon shekara uku, aka buga a 2020, kuma bitamin D bai ƙara musu ƙarfin ƙafa ba, bai rage musu karaya ba.

Akwai gwajin da ya fi waɗannan tayar da hankali. A Ostireliya wasu likitoci sun yi tunani mai kama da hikima: tun da tsofaffi suna manta shan magani, a ba su na shekara guda a tashi ɗaya. Suka ba mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama ko dai IU 500,000 sau ɗaya a shekara, ko ƙwayar banza. Da aka fitar da sakamako a 2010, waɗanda suka sha bitamin ɗin sun fi faɗuwa da kashi 15 cikin ɗari, sun fi karaya da kashi 26. Ya kamata wannan ya shiga kunnen duk mai cewa bitamin ai ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. A Finland, gwajin da aka yi wa maza masu shan sigari sama da 29,000 ya nuna a 1994 cewa ƙwayar beta-karotin ta ƙara musu ciwon dajin huhu da kashi 18. A Amurka, ƙwayar bitamin E ta ƙara wa maza ciwon dajin furostet da kashi 17, kamar yadda aka bayyana a 2011. Bitamin B6 ma, wanda ke cike a magungunan da ake ba masu ciwon jijiya, idan ya yi yawa aka daɗe ana sha, shi da kansa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Duk da haka, wanda ya ce bitamin ba shi da amfani ga tsofaffi ya wuce gona da iri. A 1992 masu bincike a Faransa suka buga gwajin da suka yi wa mata 3,270, matsakaicin shekarunsu 84, mazauna gidajen kula da tsofaffi, waɗanda ba sa fita rana kuma abincinsu ba shi da isasshen kalsiyam. An ba rabinsu bitamin D mai ƙarfin IU 800 tare da kalsiyam kullum. Cikin wata 18 karayar kwatangwalo ta ragu da kashi 43 a tsakanin waɗanda suka jure shan maganin. Bambancinsu da mutanen VITAL a fili yake: matan Faransa suna da rashi, mutanen VITAL kuwa yawancinsu jininsu a ƙoshe yake tun kafin a fara. Bitamin gishirin miya ne. Miyar da ba ta da shi sai an sa mata, wadda ya ji kuma ƙari ɓata ta yake yi, kuma ko buhu aka zuba ba ya zama nama.

Abin takaici shi ne, rashin da ya fi kama tsofaffinmu ba a cika nemansa ba. Bitamin B12 a abincin dabba kaɗai ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Kafin jiki ya zare shi daga abinci sai da ruwan tsami na ciki, wanda ke raguwa da shekaru. Ana ƙiyasta cewa tsakanin kashi 10 zuwa 30 na tsofaffi bangon cikinsu ya yi laushin da ba ya fitar da isasshe. Sai a ɗora magunguna biyu da kusan kowane gida ya sani. Metformin, wanda masu ciwon suga ke sha shekara da shekaru, yana rage shigar B12 cikin jiki. Omeprazole, wanda masu olsa ke saye a kemis ba tare da takardar likita ba, yana rage ruwan tsamin da ake buƙata. A ɗauki Hajiya mai shekara saba'in, mai suga, mai olsa, wadda rabonta da nama tun sallar layya. Tafin ƙafarta na zugi da dare, yatsunta na sagewa, tafiyarta ta koma tangaɗi, ta fara manta inda ta ajiye carbi. Wasu za su ce suga ne, wasu su ce tsufa, ba za a rasa mai cewa sammu ba. Gwajin jini ɗaya zai iya nuna ƙarancin B12, kuma allura ko ƙwaya mai arha tana gyara shi idan an kama da wuri. Idan aka bari ya daɗe, jijiyar da ta lalace ba lallai ta dawo ba. A nan ne kuɗin bitamin yake da muhalli.

Bitamin D kuma mutane sukan yi dariya idan aka ambace shi a Kano ko Damagaram, garuruwan da rana ke dukan mutum tun hantsi. Amma wani nazari da aka buga a 2020 a mujallar Lancet Global Health, wanda ya tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku yana da ƙarancinsa, kuma abin ya fi yawa a mata da mazauna birane. Fata ce ke ƙera shi idan rana ta taɓa ta. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara, fatar tsoho kuma ba ta ƙera ko rabin abin da ta saurayi ke yi. Tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye aka sa a ɗaki mai fanka da labule, ba ta fita sai zuwa asibiti a cikin mota, tana iya rasa shi a tsakiyar bazara. Maganin wannan a tsakar gida yake, inda babu baƙon ido: ta zauna da hantsi na ɗan lokaci, hannuwa da ƙafafu a buɗe. Wadda ciwo ya kwantar ba ta iya fita, ko wadda ta haura 75, likita na iya rubuta mata ɗan daidai na kullum. Abin da hukumomin Amurka suka ƙayyade wa wanda ya wuce 70 shi ne IU 800 a rana, kuma sun ja layi a 4,000.

Jos ma ta koya wa duniya darasi a wannan fanni. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi a kan yara 123 masu gwame da sauran alamun laushin ƙashi. An saba ɗora wannan ciwo a kan rashin bitamin D, sai ga shi yawancin yaran kalsiyam ne ba sa samu, kimanin miligiram 200 kacal a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D zalla warkewa. Yara aka gwada, amma tukunyar da suke ci ita kakanninsu ke ci.

Abin da ke mayar da tsoka kuwa an san shi tun 1990. A shekarar ne aka buga gwajin wata likita mai suna Maria Fiatarone, wadda ta shiga wani gidan kula da tsofaffi a Boston ta zaɓi mutum goma masu kimanin shekara casa'in, masu sanda da keken turawa, ta sa su ɗaga nauyi da ƙafafunsu sau uku a mako. A lokacin likitoci da yawa suna ganin wannan ganganci ne. Bayan mako takwas, ƙarfin ƙafar tara da suka kammala ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari, tsokar cinyarsu ta ƙara kauri, wasu suka ajiye sanda. A gwajin da aka buga a 1994 ta maimaita da mutum 100, matsakaicin shekarunsu 87, ta raba su huɗu: masu motsa jiki, masu shan wani abin sha mai ɗauke da bitamin da sinadaran gina jiki, masu haɗa biyun, da waɗanda ba a ba ko ɗaya ba. Cikin mako goma ƙarfin masu ɗaga nauyi ya ninka. Waɗanda aka ba abin shan kaɗai ƙarfinsu bai motsa ba, sai ma suka rage cin abincinsu na yau da kullum.

Nan ne maganar ta taɓa al'adarmu, kuma tana da ɗan ɗaci. Girmama tsoho a wurinmu ya haɗa da hana shi motsi. “Baba, ka huta, ai ka yi mai wuyar.” “Inna, kawo in ɗaukar miki.” Da ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, jika ya riga ta. Da ya ce zai taka zuwa masallaci, an tayar da mota. Niyyar tana da lada, amma tsoka ba ta san niyya ba. Wadda ba a mora jiki ke rushewa. A wani bincike da aka buga a 2007 an kwantar da wasu tsofaffi masu ƙoshin lafiya, masu kimanin shekara 67, a gado na kwana goma don gwaji a Amurka. Suka tashi sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka daga ƙafafu kaɗai. Kwana goma! Sai a kwatanta da watanni a kan katifa bayan zazzaɓi ko ɗorin karaya. Shi ya sa manomi ɗan saba'in da ke sunkuyawa da fartanya yakan fi sa'ansa ma'aikacin da ya yi ritaya a birni ƙarfin ƙafa nesa ba kusa ba, ko da shi na birnin ne mai kwalabe a taga.

Ba a ce a kai Inna gidan ɗaga ƙarfe ba. Tashi daga kujera da komawa sau goma ba tare da dafa hannu ba, safe da yamma, aiki ne na gaske ga cinya. Haka ɗaga galan mai ruwa, hawa matakala, tsayawa da ƙafa ɗaya ana riƙe da bango, shara, tsinkar zogale, tafiya gidan maƙwabta. Ruku'u da sujada da miƙewa sau da yawa a yini suna riƙe wa masu sallah a tsaye abin da ba su sani ba. Wanda lalura ta zaunar yana da rangwamensa a addini, amma iyali su ɗauki ranar da ya fara zama a matsayin ranar neman likita. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce tsoho ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, da na daidaita tsayuwa kwana uku.

Motsi rabin magani ne, rabin na biyu yana cikin kwano. Jikin tsoho ba ya juya abinci ya zama tsoka da sauƙin da na saurayi ke yi, don haka buƙatarsa ta furotin ƙaruwa take yi, a daidai lokacin da cinsa ke raguwa. Wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ya ba da shawara a 2013 cewa wanda ya wuce 65 ya riƙa samun giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 60 zuwa 72 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin nono kimanin 8. Kofin dafaffen wake kimanin 13. A duba abin da ake kai wa tsohuwa a gidaje da yawa: koko da safe saboda babu haƙora, ɗan tuwo da rana, shayi da burodi da dare. Ciki ya cika, amma ko rabin lissafin ba a kai ba. Idan ma an sa mata tsokar nama a miya, kowa ya san inda take zuwa. Za ta tsame ta ta rufe a ƙaramin kwano, ta jira autan jikoki ya dawo daga makarantar allo.

Amsar ba ta buƙatar kanti. Alale da ƙosai da ɗanwake da faten wake ba sa neman haƙori. Awara ma haka. Ƙuli-ƙuli idan aka daka aka barbaɗa a kwaɗon rama ko zogale, ko aka dama kunun gyaɗa da kauri, ya shiga. Ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙaya suna kawo furotin da kalsiyam da B12 a cokali ɗaya. Dambun nama da hanta da aka dafa ta yi laushi suna wucewa ba wahala. Ganyen kuka da zogale suna da kalsiyam, garin ’ya’yan kuka da gwaba suna da bitamin C mai yawa, manja da karas suna ba da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Fura da nono kuwa, wadda wasu ’yan birni suka fara yi wa kallon abincin ƙauye, tana da hujja mai ƙarfi a bayanta. A 2021 aka buga wani gwaji da aka yi a gidajen tsofaffi 60 a Ostireliya, mai mutum sama da 7,000. Ba a ba kowa ƙwaya ba. Madara da kindirmo da cuku kawai aka ƙara a abincin rabin gidajen. Cikin shekara biyu karaya ta ragu da kashi 33, ta kwatangwalo da kashi 46, faɗuwa da kashi 11. Sharaɗi biyu ne a nan: nonon ya zama dafaffe mai tsabta, sukari kuma a sassauta. Mai ciwon ƙoda shi kam kada a ƙara masa furotin sai likitansa ya faɗi adadi.

Akwai kuma abin da ya fi kwalbar bitamin muni, wanda ake yi da sunan taimako. Tsoho ya rame, sai a nufi kemis a ce a ba da mai sa cin abinci da ƙiba. A cikin haɗin da ake ƙullawa, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, sau da yawa akwai dexamethasone. Bayan makonni kumatu su ciko, tumbi ya fito, ’yan gaisuwa su ce, “Masha Allah, Baba ya murmure.” Ruwa ne da kitse. Wannan magani yana cinye tsokar cinya da damtse, yana sa ƙashi ya yi rauni, yana tayar da suga da hawan jini. Ƙarin ruwan da ake rina wa launin ɗorawa da allurar bitamin B, wanda wasu tsofaffi ba sa yarda an yi musu magani sai sun ga an rataya shi, yawancin abin da ke ciki da fitsari yake fita. Ramar da ta zo wa tsoho haka kawai tana iya zama tarin fuka, ko suga, ko daji, ko ciwon haƙori, ko kaɗaicin da ya biyo rasuwar abokin zama. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda ake ganowa a kan kantar kemis.

Hukumomi suna da nasu kason. Sai a 2012 Najeriya ta samu cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi, a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma a 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar ƙasa ta manyan ’yan ƙasa. Tsohon da ke ƙauyen Jigawa ko Maraɗi ƙaramin asibitin garinsu ya sani, kuma abin da ake buƙata a can ba shi da tsada: tef ɗin tela, kujera, da agogo. Ƙa'idar da masana na Turai suka sabunta a 2018 ta ce wanda ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15 kafin ya tashi ya zauna sau biyar, hannuwansa a naɗe a ƙirji, tsokarsa ta yi rauni. Kaurin sha-raɓa da bai kai santimita 31 ba shi ma alama ce. Ma'aikacin lafiyar da ke auna hawan jini zai iya ƙara waɗannan cikin minti biyu.

Mai karatu ma zai iya yin gwajin a gida yau, yana tsaye kusa don tarewa. Idan Baba ko Inna suka wuce daƙiƙa 15, ko suka kasa miƙewa sai da dafawa, a kai su asibiti tare da duk magungunan da suke sha a leda ɗaya, a roƙi likita ya duba jini da suga da ƙoda da B12, a sayi bitamin ɗin da ya rubuta kawai, sauran kuɗin kuma a ba mai cefane.